Kwandon Sharar Mama

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Lafiya babu wanda ya kama ƙafata a sanin komfuta, na yi aiki a wani kamfani mai sayen riɗi a hannun manoma yana tacewa yana fitarwa ƙasar waje. Ni kaɗai ne mai kula da harkar komfuta a wurin. A takarda muƙamina dogo ne mai daɗin faɗa, amma a bakin ma'aikata Injiniya ne kawai. Injiniyan nan shi ake kira idan firinta ta cinye takarda, shi ake kira idan rimot ɗin esi mai sanyaya ofis ya ƙi, har agogon bango an taɓa kirana in duba. Ainihin aikina kuwa, wanda ba mai tunawa da shi sai ranar da ya tsaya, shi ne kula da sabar imel.

Ga wanda bai sani ba, saba wata babbar komfuta ce da ba a zama a gabanta. Duk saƙon da zai shigo kamfani ko zai fita ta cikinta yake bi, kuma a cikinta akwatin saƙon kowa yake zaune. Tamu tana wani ɗan ɗaki a bayan ofishin Manaja, da esinta ita kaɗai, da baturanta jere a ƙasa. Shekara takwas ina rainonta. Na san ƙararta idan tana lafiya, na san ƙararta idan zafi ya dame ta. In aka ɗauke wuta janareta ya yi nawar tashi, kowa fifita yake nema, ni kuwa gudu nake yi zuwa ɗakin nan.

Ana nan sai shugabannin kamfani suka ce a koma kilawud. Wato maimakon mu ajiye saba a ɗaki muna fama da zafi da ɗaukewar wuta, mu kama haya a sabobin wani babban kamfani can waje, su yi ta fama, mu namu shiga da fita ta intanet. Ba ƙaramin daɗi na ji ba. Abin da ya rage shi ne kwashe kaya: akwati arba'in da 'yan kai, da duk abin da ke cikinsu, sai na tura su sabon gida ta intanet ɗinmu wanda ko hadari ne ya haɗu a gabas sai ya fara tari.

Kafin in fara sai na fito da jerin akwatunan in ga nauyin kowanne. Duk ba abin mamaki, sai guda ɗaya. Akwatin Mama.

Mama ita ce mai kula da ingancin kaya. 'Yar Eggon ce, ta fara aiki tun kamfanin yana sito ɗaya da sikeli ɗaya, kuma kowa Mama yake ce mata har shi Manaja. Takan ɗibi riɗi a tafin hannu ta murza ta shinshina, ta gaya maka ko an shanya shi a ƙasa ko a kan tamfol. Duk lodin da za a fitar sai ta aika samfurinsa ɗakin gwaji, su kuma su turo sakamako ta imel, satifiket mai nuna babu ragowar maganin feshi a ciki. In babu wannan takarda, masu saye ba sa ko kallon buhunka. Ni kuwa tun zuwana ta ɗauke ni ɗa. Dafaffiyar gyaɗa da soyayyar doyar da na ci a teburinta, Allah kaɗai ya san yawansu.

Abin da na gani shi ne, wurin da saƙo ke sauka a akwatinta fes yake kamar an share tsakar gida, amma kwandon shararta, inda saƙon da aka goge yake faɗawa, ya fi akwatin Manaja gaba ɗaya nauyi har ninki biyar. Na yi dariya ni kaɗai. Na ce tsohuwa ba ta san ana juye shara ba. Gaskiya abin ya ɗan tsaya min a rai, don Mama ba mai tara tarkace ba ce. Ko biro ta ara maka sai ta biyo sawu. Amma ina da wata ƙa'ida da nake alfahari da ita, ba na leƙa saƙon mutane, ita kuma ta tafi dogon hutun da ta tara, sati shida cur, ga bikin 'yarta. Lambarta tana wayata. Kira ɗaya ne. Ban yi ba.

A manhajar kwashe kayan akwai wani ɗan gurbi da in ka danna shi za a tsallake kwandon sharar kowa. Na danna. Wannan dannawar ta rage min kwana biyu a aikin, kuma sai da na tabbatar kowa ya ji labari. Manaja ya yaba min a taron ma'aikata, na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, cikina kuwa fal farin ciki. Na bar tsohuwar sabar a kunne wata guda ko wani zai ce bai ga abu ba. Shiru. Sai na goge ta tas, na mai da ita wurin ajiye hotunan kyamarorin tsaro. Tun kafin nan manyan ma'aikata aka raba musu sababbin laftof, tsofaffin komfutocinsu na kan tebur aka rarraba wa sito-sito na ƙauyuka.

Ran wata Litinin Mama ta dawo. Ko awa ɗaya ba ta yi ba ta aiko a kira ni. Na same ta da tabarau a kan hanci tana laluben sabon laftof ɗin da yatsa ɗaya.

Ta ce, "Ɗana, wannan sabon abu naka yana da kyau sha. Amma zo ka nuna min, ina ka sa min shara na?"

Na ce, "Mama, shara ai an zubar. Sabon gida muka shiga, wa zai taho da shara?"

Ta cire tabarau a hankali ta ajiye. Ta ce, "Ka zubar."

"Eh, Mama."

"Duka?"

A nan na fara shan jinin jikina. Na ce, "Mene ne a ciki?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ta ce duk satifiket ɗin gwaji na shekara takwas a can suke, kowane lodi, kowane ƙauye. Ta ce ran Juma'ar nan masu bincike daga wajen masu sayen kayanmu za su zo, kuma abin da za su fara tambaya ke nan, takardun shekara biyar baya. In ba su gani ba za su cire mu daga jerin waɗanda suke saye a hannunsu.

Na ce kada ta damu, akwai bakof, wato kwafin da nake ɗauka kullum ina adanawa saboda irin wannan rana. Na fita da ƙarfin gwiwa. Kafin in kai ƙofar ofishina na tuna cewa shekaru da suka wuce, da faifan bakof ya fara cika, ni da hannuna na cire kwandon shara daga abin da ake kwafa. Na duba duk da haka, kamar mai sa ran ko na manta ban yi ba. Na yi. Takardun da aka buga aka jera a fayil kuwa, rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo wata damina, gara ta ƙarasa sauran, shi ya sa ma kowa ya dogara da imel. Aka kira ɗakunan gwajin. Ɗaya ya rufe tuntuni, ɗayan ya ce a ba shi wata guda.

Manaja ya kira mu mu biyu. Mutum ne mai haƙuri, amma ranar har jijiyar goshinsa ta tashi. Ya ce, "Mama, fisabilillahi! Shekara ashirin kina aiki, ki rasa inda za ki ajiye satifiket sai dosbin? Ko a gida, wa ke ajiye takardar fili a dosbin?"

Mama ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta.

Ya miƙa mata takardar kwiri, wato ta tuhuma a wurin aiki, ya ce ta ba da amsa cikin kwana biyu. Ya ce ba zai ɓoye mata ba, in binciken nan ya lalace shugabanni sai sun sami wanda za su ɗora wa, kuma sunanta ne a kan aikin. Saura mata wata uku ta yi ritaya. Shekara ashirin ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba ta ba. Matan ofis har sun zaɓi atamfar ankon bikin sallamarta, ga shi yanzu ana maganar ta fita da takardar kora.

Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai Injiniya ba ruwanka. Ko'ina a duniya shara shara ce."

Na gyaɗa kai. Bari in faɗa muku gaskiya tunda abin ya wuce: sanyi na ji a raina. Tsohuwar da ke ciyar da ni tana zaune da kwiri a hannu, ni kuma ina hamdala a ɓoye da ba ni ba ne. Har yau in na tuna wannan gyaɗa kan sai na ji kunyar kaina.

Amma akwai abin da ya hana ni sakat, kuma ba tausayi ba ne kaɗai. Son sani ne. Me zai sa mace mai tsari irin Mama ta zaɓi kwandon shara? Ba jahila ba ce, ita ta koya wa rabin ofishin nan yadda ake haɗa takarda da saƙo. Na bi ta har teburinta na ce, "Mama, don Allah ki fahimtar da ni. Me ya sa can?"

Ta ce, "Haka aka koya min."

"Wa ya koya miki?"

Ta ɗago ta dube ni, kallo mai ɗan tsawo. Sai ta ce, "Ya daɗe, ɗana. Je ka yi aikinka."

Na wuni ina saƙa da warwara. Na ce ko wanda ya riƙe aikin kafin ni ne, don dama duk abin da ya lalace a kansa nake ɗorawa. Na ce ko a wata makarantar koyon komfuta ta bakin kasuwa aka cuce ta. Na ce ko ɓoyewa take yi don kada a yi mata leƙe. Da yamma na biya Bukan Sidi wajen mahaifiyata, ta ga ina juya tuwo ba na ci, ta tambaya, na kwashe labarin na gaya mata yadda za ta gane.

Ta ce kakarmu ma a tukunyar toka take ɓoye 'yan kunnenta na zinari, don ɓarawo ba ya kallon bakin murhu. Sai ta ce, "Amma mace mai hankali irin wadda kake faɗa, ba ta kai dukiyarta juji sai in wani da ta yarda da shi ne ya ce mata nan ne wurin." Na ce nima abin da nake nema ke nan. Ta ce, "To ita na'urar da ta yi shekara da shekaru tana aiki da ita, ba ta riƙe komai ba? Ko tukunya aka juye ai akan sami ƙanzo a gindi."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Matar da ko saƙon waya sai an karanta mata ta tuna min abin da ni mai satifiket na manta. Manhajar da Mama ke karanta imel da ita a tsohuwar komfutarta tana ajiye kwafin komai a cikin komfutar, don a iya dubawa ko babu intanet. Ni na saita ta haka saboda halin netiwok ɗinmu. Komfutar nan kuwa tana siton Kwandere. Ya kamata in goge ta kafin a kai ta, aiki ya yi min yawa, na ce a tafi da ita zan biyo baya.

Murnata ba ta yi minti ɗaya ba na tuna wani abu. Ita manhajar nan ba ta da wayo, biyayya gare ta. Da ta ji intanet za ta nemi akwatin Mama a sabon gida, ta ga kwandon shara wayam, ta ce ashe an zubar, ita ma ta share nata don su zama daidai. Kuma sati uku da suka wuce ni da kaina na aika wa siton Kwandere modem, abin jona intanet. Na kira Baba mai kula da siton, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Na kira har mahaifiyata ta ce in bar wayar ta huta.

Gari na wayewa na tare okada. Ƙarshen damina ne, hanyar duk taɓo, mai okadan yana ta ba ni labarin ƙwallo ni kuwa ina ta lissafin irin mutanen da ke shiga siton nan. Kowa da waya a hannu, kowa ya iya jona abu. Sati uku modem yana zaune kusa da komfuta. Na riga na saddaƙar.

Na tarar da Baba a bakin sito yana gyaran sikeli. Dattijo ne Alago, mai yawan raha. Yana ganina ya miƙe ya ce, "A'a, Injiniya! Yau gobe ya yi ke nan? Sati uku muna jiran goben ka."

Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba. Na ce, "Baba, modem ɗin da na aiko, an jona?"

Ya ce, "Wane jona? Ba kai ka ce kar a taɓa sai ka zo ba?" Ya ja ni ciki. Ga komfutar a kan tebur an lulluɓe ta da wankakken buhu. Ga modem can saman kanta a kwalinsa, an ƙara naɗe shi da leda. Ya ce, "Mutane sun dame ni, Baba jona mana mu gani, Baba ba wuya. Na ce a'a. Injiniya ya san abin da ya sa ya ce a jira. In kun ce abu, mu ai shi ke nan."

Wallahi ban san abin da ya sa na ce a jira ba. Ina jin don kada su dame ni da waya ne. Amma na karɓi yabon, na ce masa ya kyauta ƙwarai.

Aka tayar da ƙaramin janareta. Na zagaya bayan komfutar na tabbatar babu wayar da ta shige ta sai ta wuta. Har wayar hannuna na kashe, ko da yake na san ba abin da za ta yi, tsoro ne kawai. Na kunna, na buɗe manhajar. Ta yi ɗan ƙorafinta cewa ba ta sami saba ba. Na ce ba za ki samu ba kuwa. Na danna kwandon shara.

Jama'a, na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin akwati mai tsari irin sharar Mama ba. Folda-folda ne, kowace shekara da tata. A cikin kowace shekara ƙauyuka, a cikin kowane ƙauye lodi-lodi da lambobinsu. Wanda ya ci gwaji ta sa masa alamar kore, wanda aka sake gwadawa ruwan ɗorawa. Har wasiƙun da ta yi da shugabannin ƙungiyoyin manoma kan lokacin daina feshi suna nan a jere. Nawa akwatin, ni Injiniya, saƙo dubu ne a zube ban buɗe ba. Na zauna ina ta buɗewa ina rufewa kamar ɗan ƙauye a babban kanti, ƙa'idar nan tawa ta rashin leƙe ta tafi hutu.

Na sa filash na fara kwafa, na kuma jona wani faifan na ce a yi biyu. Abin zai ɗauki lokaci. Baba ya kawo min dafaffiyar masara. Ina ci sai tambayar nan ta dawo: daga ina abin ya faro? Duk abin da aka gina yana da ranar da aka sa tubalin farko. Na jera saƙonnin daga mafi tsufa. Can ƙasa, a waje da duk foldojin, akwai saƙo guda ɗaya tilo mai jar alama.

Sunana ne a kai.

Watana na biyu da fara aiki na rubuta shi, da Turancin nan nawa na sabon shiga mai son a san ya yi boko. Ma'anarsa ita ce: Mama, na ga akwatinki ya cika. Ki tura tsofaffin saƙonni kwandon shara tukuna, saba ba ta lissafa shi a cikin nauyin akwati, kuma ba abin da zai same su. Gobe zan zo in ƙara miki wuri.

A ƙasansa ga amsarta, layi ɗaya: To ɗana, ina jira.

Na karanta ya fi sau biyar. Abin da ya fi ci min rai shi ne ko kusa ban tuna na rubuta ba. Dabarar gaskiya ce, tsohuwar sabar ba ta lissafa shara, kuma na tabbata ranar na ji ni gwani ne da na gano haka. Na faɗa mata don in sami sararin kwana ɗaya, na juya na manta. Ita kuwa ta ɗauki maganata ta gina aikin shekara takwas a kai. Na kwana ina neman wanda ya cuci tsohuwa, ga shi ina zaune a kujerarsa ina cin masara.

Ba zan yi muku ƙarya ba, shaiɗan ya zo. Saƙo ɗaya ne. In na cire shi daga kwafin, na koma ofis a matsayin wanda ya ceto kamfani, Manaja ya sake yaba min a taro, Mama ta tsira da ɗan faɗa kan sakaci. Kuma na riga na gane ba za ta faɗa ba, tunda da za ta faɗa da ta faɗa jiya. Na kai hannu kan linzamin komfutar na tsaya. Baba yana bakin ƙofa yana ba wani manomi labari, ina jin sa yana cewa, "Ka gani ko? Da na jona da na ɓata. Shi ya sa in sun ce a jira, a jira." Na janye hannuna. Na bar saƙon ya bi sahun 'yan'uwansa.

Da na koma, wajen Mama na fara zuwa. Na buɗe mata foldojinta a laftof. Ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe Kwandere, ta buɗe shekarar da aka yi ambaliya, ta ce, "Yesu na gode." Sai da ta gama na nuna mata mai jar alamar.

Na ce, "Mama, kin san ni ne."

Ta ce, "Na sani mana. Ni na sa masa ja."

"To me ya sa ba ki gaya wa Manaja ba? Ina tsaye a wurin, Mama."

Ta ce, "Abeg zauna, kana tsaye a kaina kamar soja." Na zauna. Ta ce, "Ni saura wata uku. Yara na sun gama makaranta, gona na yana jira na. Kai matan ka yana da ciki, yanzu ka fara. In an kore ni, na tafi gida da wuri. In an kore ka, ina za ka?" Ta ɗan murmusa. "Kuma wurin ya yi min daɗi fa. Shekara takwas bai taɓa ce min ya cika ba."

Idona ya kawo ruwa, na yi kamar ƙurar hanya ce. Na buga saƙon a takarda na wuce ofishin Manaja kafin zuciyata ta sake shawara. Na ajiye masa filash, na ajiye takardar a kai. Ya yi murnar filash ɗin, sannan ya karanta takardar, murnar ta ragu. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, jiya da nake cewa ba ruwanka, ka sani?" Na ce wallahi ban tuna ba, amma ko ban tuna ba ya kamata in kira ta kafin in danna abin da na danna. Ya aika aka kira Mama, ya karɓi kwirinta ya yaga a gabanta, ya ba ta haƙuri har da cire hula. Ni kuma ya sa aka buga min nawa, sabo fil. Shi ne na farko kuma na ƙarshe da na taɓa samu, yana nan a fayil ɗina a gida.

Ran Juma'a masu bincike suka zo. Duk lodin da suka ambata, kafin su rufe baki Mama ta fito da takardarsa. Kafin ranar na kwashe komai na mayar mata wuri mai kyau a sabon akwatinta, na kuma ƙara mata girmansa, aikin da bai ɗauke ni minti biyu ba. Na je na ce, "Mama, na ƙara miki wurin." Ta duba kalandar bango ta ce, "Ka yi sauri."

An yi bikin sallamarta da anko da kiɗa, na ci shinkafa faranti biyu.

Tun daga lokacin na kwashe imel na wurare da dama zuwa kilawud, kuma ban ƙara fara irin aikin nan daga jerin akwatuna ba. Daga teburin mutane nake farawa. Sai in ja kujera in ce, nuna min yadda kake aikinka. Abin da na gani a wannan zaman ya isa littafi. Na ga mai ajiye lambobin wayar abokan ciniki a saƙon da ya fara rubutawa bai aika ba. Na ga wadda ke tura wa kanta saƙo kullum da safe don ta tuna abin da za ta yi. Da can dariya zan yi. Yanzu tambaya nake, wa ya koya maka, kuma sau da yawa amsar ita ce wani irina, wata rana, yana sauri.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne nauyin bakinmu. Mu masu wannan aiki muna jefa magana don mu wuce, mu ce yi kaza tukuna, kar ka taɓa sai na zo. A wurinmu maganar minti ɗaya ce. Wanda aka gaya wa kuwa ba shi da hanyar gane wacce ce doka wacce ce ta kora, sai ya riƙe duka da hannu biyu. Mama ta riƙe tawa shekara takwas, Baba ya riƙe sati uku, ni mai maganar ko kwana ɗaya ban riƙe ba. Na daɗe ina kula da na'ura ina ganin ita ce amanar da aka ba ni.

Mama tana nan da ranta, tana noman doya da rogo. Duk Kirsimeti sai ta kira ta ce an ajiye min kasona, yaushe zan zo in ɗauka. Ba na ce mata gobe. Rana nake faɗa mata, kuma in je.